Tuƙa Maganar Allah: Darasi Daga Masu Bi Na Dā

Karanta: Zabura 1:1-3, Markus 4:35-41

Ɗan'uwa mai sauraro, bari in yi maka tambaya. Shirin da ka ji a rediyo jiya da asuba, wace aya aka karanta? Da yawa cikinmu za mu sosa kai. Mun ji, mun ce amin, mun fita kasuwa ko gona, kafin rana ta take Maganar ta bi iska. Abin tsoro ne mutum ya shekara goma yana jin wa'azi, ran da gwaji ya zo ya laluba zuciyarsa ya tarar babu komai a ajiye.

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. A ƙasar Holan, cikin garin Deventer, an yi wani mutum mai suna Gerard Groote, ɗan masu arziki, mai ilimi ƙwarai. Bayan ya tuba ya ba da gidansa ga mata matalauta masu son bauta wa Allah, ya shiga yawon wa'azi, daga baya annoba ta ɗauke shi a 1384. Almajiransa suka ci gaba da zama tare, suna cin abinci daga guminsu, yawanci ta wurin kwafe littattafai da hannu, gama ba a fara ɗab'i a Turai ba sai wajen 1450. Kowannensu yana da ɗan littafi da yake rubuta ayar da ta taɓa shi, domin ya riƙa komawa gare ta cikin yini.

A hannunsu wani yaro mai suna Toma, mutumin Kempen a Jamus, ya yi karatu. Daga baya ya shiga gidan zuhudu kusa da Zwolle, ya zauna can kusan shekara 70, ya kwafe Littafi Mai Tsarki dukansa da hannunsa, ya rasu a 1471. Shi aka sani da littafin nan "Koyi da Almasihu", wanda aka rubuta da harshen Latin tsakanin 1418 da 1427, kuma har yau ana karanta shi cikin harsuna masu yawa. Ba dukan shawararsa za ta yi maka daidai ba. Ya rubuta wa masu zaman zuhudu ne, yana yawan cewa a guji cuɗanya da mutane, kai kuwa kana da iyali, da rumfa, da maƙwabta waɗanda Ubangiji ya aike ka wurinsu. Amma a kan abu ɗaya yana da gaskiya: yawan sani ba ya ceton mai girman kai, kuma kaɗan da aka karanta da tawali'u ya fi tulin da aka haɗiye da gaggawa.

Mutanen nan suna kiran bimbini da sunan da kowane ɗan Garwa zai gane, wato tuƙa. Ka dubi shanun Fulani a bakin Binuwai da tsakar rana. Sun gama kiwo, sun kwanta a inuwa, amma bakinsu bai huta ba. Ciyawar da suka haɗiye da safe suke komowa da ita, suna taunawa a hankali, daga nan ne nono yake samuwa. Mutumin Zabura ta fari haka yake yi da shari'ar Ubangiji dare da rana, shi ya sa ganyensa ba ya yaushi.

To, yaya ake yi? Wani mai zuhudu, Ludolf na Saksoni, wanda ya rasu a 1378, ya rubuta babban littafi a kan rayuwar Yesu, inda ya koya wa mai karatu ya shiga cikin labarin kamar yana wurin. Gwada da Markus 4. Kada ka yi sauri. Ka zauna cikin jirgin. Wanda ya taɓa ganin hadari ya taso wa masunta a tafkin Lagdo ya san yadda ruwa yake dukan katako, ya san ihun da mutum yake yi in kwalekwale ya fara cika. Ga Yesu can baya yana barci a kan matashi. Markus kaɗai ya ambaci matashin nan. Ka tsaya a kansa. Me ya sa hankalinsa yake kwance? Kai fa, wane ruwa ne yake shigo maka yanzu, bashi ne, ko ciwon yaro, ko damina da ta yi gardama? Da wace murya kake tashe shi, ta bangaskiya ko ta zargi? Sai dai ka kula, tunaninka bawan nassi ne. Kada ka sa wa Yesu a baki abin da bai faɗa ba.

Wani zai ce wannan al'adar 'yan Katolika ce. Martin Luther, wanda ikilisiyoyi da yawa a Garwa, Kaele, Yagwa da Ngaundere suke amsa sunansa, ya yi makaranta a Magdeburg a 1497 wurin almajiran Groote. A 1535 wanzaminsa Bitrus ya roƙe shi ya koya masa addu'a, sai ya rubuta masa ɗan littafi. Ya tuna masa cewa wanzamin da yake aski yana hira yana waige-waige zai yanke bakin mutum, ko hancinsa, ko ma maƙogwaronsa, haka kuma addu'a take bukatar zuciya ɗungum. Ya ce ya ɗauki aya ɗaya ya murɗa ta kamar igiya mai zare huɗu: abin da take koya masa, abin da zai gode dominsa, zunubin da ta tona, da abin da zai roƙa.

Ke 'yar'uwa da ba ki yi boko ba, ba a bar ki a baya ba. Yawancin masu bi na wancan zamani da kunne suka karɓi Maganar. Ki sa ɗanki ya karanta miki ayar sau uku, ki riƙe ta, ki tafi da ita bakin murhu.

Aikin wannan mako: ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Kowace safiya bayan shiri, ka rubuta aya ɗaya tak. Ka duba ta da azahar sa'ad da zafi ya tilasta maka zama, ka sāke dubawa kafin ka kwanta, ka yi addu'a da zaren nan huɗu. Gobe ka fara da Markus 4:38.