Idan Yaro Ya Ce Zai Koyi Rubuta Manhaja: Shawarwari Ga Gidajen Tsarnawa Da Kewaye

Daga Tsarnawa zuwa Ƙonni, Malbaza da Illela, yanzu ba abin mamaki ba ne ɗan lise ko mai bak ya tunkari iyayensa da maganar yana son koyon "kod". Darussan kyauta suna nan jingim a intanet, wasunsu ma daga manyan jami'o'in duniya. Sai dai waɗanda suka shirya su ba su san tsadar forfe ba, ba su san ɗaukewar kuran ba. Don haka gida ya zaɓi darasi gwargwadon abin da zai iya riƙewa, ko da sunansa bai yi amo kamar na wani ba.

1. Ku fara sanin abin da yaron zai koya. In ka je aika kuɗi daga Ƙonni zuwa Yamai, abin da ma'aikaci ke gani a allon kwamfutarsa shi ne fuskar manhaja. Wanda ke karɓar sunanka, ya ajiye adadin kuɗin, ya fitar da lambar sirri, ya kuma hana a biya kuɗi ɗaya sau biyu, yana can cikin wata babbar kwamfuta da ba ka gani. Rubuta wannan shi ne aikin ɓangaren baya. Algoritim kuwa dabarar warware matsala ce mataki-mataki. A ce littafin bashi na da suna 1,000 a jere bisa haruffa. Mai bi ɗaya bayan ɗaya zai iya duba dubun nan kaf. Mai buɗe tsakiya ya watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ya sake raba sauran biyu, ba zai wuce dubawa 10 ba. Ko suna miliyan ne, 20 ta ishe shi. Ɓangaren baya ya fi saurin kawo aikin yi, algoritim kuma shi ke sa aikin ya yi ƙwari.

2. Ku duba harshen da ya yi boko da shi. Yaranmu da Faransanci suka tashi, kuma akwai abin kirki a cikinsa. Ga algoritim, ban ga kamar France-IOI ba: ƙungiya ce da ke horar da matasan Faransa masu zuwa gasar duniya, ta buɗe atisayenta ga kowa. Yaro zai rubuta amsa ya tura, na'ura ta gwada ta nan take ta ce masa ta yi ko ba ta yi ba, kuma yawancin shafukan rubutu ne, ba sa cin forfe sosai. Ga Python akwai littafin Gérard Swinnen da ake saukewa kyauta. Zeste de Savoir na barin a sauke darussansa a karanta ba tare da intanet ba, Grafikart kuma ya yi fice wajen koyar da PHP. OpenClassrooms, wanda Mathieu Nebra ya fara a 1999 da sunan Site du Zéro yana ɗan shekara 13, karatun darussansa kyauta ne, amma tsarin da ke kai ga difloma na kuɗi ne. A lura da wannan kafin a yi rajista. Duk da haka Ingilishi ba shi da makawa, domin ko kwamfuta za ta gaya wa yaro ya yi kuskure, da shi za ta faɗa. Wanda ya taɓa zama a Sakkwato ko Illelar Najeriya ya samu sauƙi ta nan.

3. Manyan darussa uku na Ingilishi, kowanne da mai shi. CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, shi ne ya fi gina tushe: yana farawa da harshen C, ya bi ta algoritim, ya kai Python da SQL, sannan akwai wani reshensa na musamman kan shafukan intanet da ke koyar da Django. Wahalarsa biyu ce. Lacca ɗaya kan kai awa biyu ta bidiyo, aikin gidansa kuma ba wasa, makonnin farko ne ke korar mutane da yawa. freeCodeCamp, da Quincy Larson ya kafa a 2014, ya fi sauƙin shiga: ƙananan matakai, a rubuta a cikin shafin a ga sakamako, takardar shaidarsa kuma kyauta. Amma yana son intanet a kunne muddin ana aiki, kuma yana riƙe hannun ɗalibi har ya kan gama darasi ɗari bai iya fara komai shi kaɗai ba. The Odin Project, wanda ya fara a 2013, akasin haka ne. Tun ranar farko zai sa yaro ya girka kayan aiki a kwamfutarsa, ya yi ta karatu, ya gina abu da kansa da JavaScript ko Ruby. Da waya ba ya yiwuwa, Ingilishinsa kuma mai yawa ne. A ganina, mai Faransanci zalla ya fara da Swinnen da France-IOI. Mai ɗan Ingilishi da kwamfuta ya kama CS50. Odin na wanda ya riga ya yi ƙafa ne. Kowanne aka ɗauka, a ƙare shi kafin a leƙa wani. Mai tsalle daga wannan zuwa wancan, shekara za ta zagayo ta same shi a babi na ɗaya.

4. Rubutu ya fi bidiyo araha, kuma abin da aka sauke sau ɗaya ya zama na gida. Littafi sukutum bai kai nauyin bidiyon minti kaɗan ba. Yawancin waɗannan darussa an sake su ne da izinin a kwafa a raba, don haka ba sata ba ce in yaro ɗaya ya je inda intanet ke da ƙarfi a Ƙonni ko Tawa ya cika kile, ya dawo ya tura wa abokansa ta Xender. Takardun bayanin Python da na PHP ana sauke su gaba ɗaya, akwai su da Faransanci. Manhajar Kiwix kuma na buɗe Wikipedia da wasu kundaye ba tare da intanet ba. Bidiyon da ya zama dole, a sauke shi da ƙaramin inganci. Rubutun allo ake so a gani, ba fuskar malam ba.

5. Rashin kwamfuta bai hana farawa ba. Da wayar Android ana iya girka Pydroid 3 ko Termux a rubuta Python ta gaske. Sai dai buga baka-biyu da waƙafi da babban yatsa aiki ne mai gajiyarwa, ƙaramin allon bugu da ake jonawa da waya zai rage wahalar. In an kai ga ɓangaren baya sosai, kwamfuta ta zama dole, amma kada wani ya tsorata ku da sai sabuwa. Ta hannu mai ƙwaƙwalwar aiki giga 4, in aka sa mata Lubuntu ko Linux Mint, za ta ɗauki yaro shekaru. Wajen saye, a cire caja a ga tsawon lokacin da batir zai yi, a danna kowane harafi a tabbatar yana aiki.

6. Ku tsara karatu da halin kuran. Ga tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza tun 2018, amma ba wanda ya manta yadda aka kwana a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wuta. A yi caji duk sanda aka samu, a yi karatu da asuba kafin rana ta ɗaga. A Afrilu da Mayu kada a ɗora kwamfuta kan katifa, zafi na kashe ta. Da hunturu a rufe ta da zane saboda ƙura. Takarda da biro ma kayan aiki ne, algoritim a kansu ake fara warware shi.

7. Harshen kwamfuta ɗaya ya isa a shekarar farko. Ni Python nake ba da shawara, don da shi za a yi atisayen France-IOI, da shi kuma za a gina shafi ta hanyar Flask ko Django, wanda darasinsa na farko akwai shi da Faransanci. Rumbun bayanai na SQLite yana zuwa tare da shi, fayil guda ne, ba ya neman intanet. Wanda ya zaɓi PHP ma bai yi asara ba, domin WordPress da shi aka gina shi.

8. Manyan littattafan algoritim su jira. Littafin Jeff Erickson na Jami'ar Illinois, da laccocin MIT, da tarin atisayen CSES na ƙasar Finlan, duk kyauta ne, duk masu kyau, amma sai lissafi ya zauna. Su na bayan shekara ne, ko na ɗalibin da ya riga ya shiga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa.

9. Ku ba shi aikin da gida zai iya aunawa. Ba sai maigida ya iya kod zai gane ko ana ci gaba ba. A miƙa wa yaro littafin cinikin albasa na bara, wanda aka yi da ƴan Galmi, mai shafukan da suka sha maiƙo da gumi: sunan manomi, buhu nawa, nawa aka biya, nawa ya rage. Ya zuba shi cikin manhajarsa. Sai Baba ya zauna gefensa bayan isha'i ya ce, "To, nawa Malam wane ke bin mu?" Amsa ta fito, a gwada ta da ta littafi. Daga nan a ƙara masa wuya: mutum biyu masu suna ɗaya, wanda ya biya rabi da sefa rabi da naira a ranar da canji ya motsa, buhun da ya ruɓe aka rage masa kuɗi. Nan ne zai gane amfanin abin da ya karanta. Uwargida ma ta kawo lissafin adashe, a ga ko manhajar za ta faɗi ranar kwasar kowa. In kuma ba ya iya bayyana da Hausa yadda abin ke aiki, ku yi zargin kwafowa ya yi daga manhajojin nan masu ba da amsa.

10. A raba lokacin kwamfuta da adalci. In wa da ƙanwa duk suna so, a rubuta awannin kowa a liƙa a bango, a kuma rage wa yarinyar aikin tsakar gida a lokacinta, in ba haka ba rabonta kullum zai faɗo sanda batir ya mutu.

11. Kada ku biya kuɗin abin da yake kyauta. Akwai masu tattara waɗannan darussa su sayar a WhatsApp da alkawarin aikin dala cikin wata uku. Kafin ku tura ko dala ɗaya, yaro ya buɗe shafin asali ya duba. Kuɗin da za a kashe kan takardar shaida gara a sayi batir ko forfe da shi, domin mai ɗaukar aiki a wannan sana'a zai fara tambayar abin da aka gina ne. Yaro ya buɗe asusu a GitHub tun wuri, kyauta ne, ya riƙa ɗora aikinsa duk sanda ya samu intanet, amma ya sauya sunayen manoma da adadin bashinsu kafin ya ɗora.