Fihirisa a Rumbun Bayanan Filaye

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke sa rumbun bayanan taswira ya yi nawa, da yadda ake magance shi. Batun ya shafe mu, domin tun da dokar 2015 ta kafa hukumar KADGIS a Jihar Kaduna, iyakokin filaye suke ta komawa cikin kwamfuta. Duk inda na'ura ta yi jinkiri kuwa, mai jiran takardar mallaka ne ke shan zirga-zirga.

A ce an tambayi na'ura filayen da ke maƙwabtaka da harabar Kongo. In ba a shirya ta ba, sai ta auna kowane fili na jihar ɗaya bayan ɗaya, har da na Kafanchan. Baƙon da ke neman gida a Tudun Wada ba haka yake yi ba: unguwa yake fara tambaya, sa'an nan layi, kana ya yi sallama a zaure. Irin wannan dabara ce Antonin Guttman ya tsara a 1984, ya kira ta R-tree. Akan kewaye kowane fili da akwati mai kusurwa huɗu, a tara ƙananan akwatuna cikin manya, na'ura ta tsallake duk akwatin da bai taɓa wurin da ake nema ba. Manhajar PostGIS, wadda ta fito a 2001, da wannan take aiki. A ganina kalmar fihirisa, da muka aro daga Larabci, ta dace da shi sarai.

Sai dai akwati yana da aibinsa. Ɗauki kogin Kubanni, da ya ratso Samaru ya bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari. Siriri ne mai lanƙwasa, amma akwatinsa sai ya haɗiye unguwannin da ruwansa bai taɓa zuwa ba, na'ura kuma ta tsaya tantance su. Maganin shi ne a yanyanka zanen kogin gunduwa-gunduwa, kowace da ɗan akwatinta.

Saura ma'adanar wucin gadi. PostgreSQL, wadda PostGIS ke zaune a kanta, megabait 128 kacal takan ware tun asali, alhali akan ba da shawarar a ba ta kusan rubu'in ƙwaƙwalwar na'urar. Bayan an loda sababbin filaye kuma, sai a ba da umarnin ANALYZE, don kada ta zaɓi hanya bisa tsohon ƙidaya ta bar fihirisar a ajiye.