Oba-oba: mu kula da shi tun kafin ranar buƙata

Darasinmu na yau a kan rediyo ne. Ba akwatin jin labarai muke nufi ba. Muna nufin rediyon da ake kira da shi a amsa, wato oba-oba.

A ƙasashen duniya akwai masu aiki da irin wannan rediyo don sha'awa, ba don kuɗi ba. Kowanensu yana da izinin hukuma da lambar kira. Lambar Nijar tana farawa da 5U, ta Nijeriya da 5N. Da aka yi girgizar ƙasa a Nefal a 2015, wayoyi suka katse, irin waɗannan mutane sun taimaka wajen isar da saƙo. Darasin shi ne: rediyon da bai tashi ranar wahala ba, ba shi da amfani.

Wannan ya shafe mu. Daga ƙauyukan Alela zuwa asibitin Ƙonni ko na Galmi akwai tafiya. Naƙuda tana iya yin tsanani cikin dare. Fara tana iya sauka a gonaki, kamar yadda ta yi a 2004. In salula ta ƙi shiga a irin wannan rana, oba-oba yana iya ceton rai. Saboda haka, duk garin da yake da shi, ya kiyaye abu 4.

1. Batir. Shi ne ran rediyo. Kada mu bari ya ƙare ƙarƙaf, domin hakan yana kashe shi da wuri. In rabin ƙarfinsa ya tafi, a sake cika shi. A ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga. In ruwansa ya ragu, a ƙara ruwan batir, ba na rijiya ba.

2. Farantin hasken rana. Ƙurar hunturu tana rufe shi, sai wuta ta ragu. A goge shi da safe da tsumma mai laushi, kafin ya yi zafi.

3. Eriya. A ɗaga ta sama, nesa da rassan itace da wayar lantarki. Da damina, in hadari ya taso, a cire wayar eriya daga jikin rediyo. Tsawa tana bin waya, ta ƙone rediyo, har ta kashe mutum.

4. Magana. Kafin mu kira, mu saurara tukuna, kada mu katse wani. Mu faɗi sunan gari, da abin da ya faru, da taimakon da muke so. Wanda ya karɓi saƙo ya maimaita shi, don a tabbata ya ji daidai. Doguwar gaisuwa tana cin batir.

A nan karatunmu yake da rana. Mu rubuta saƙo a takarda kafin mu faɗe shi. Mu ajiye littafi kusa da rediyo, mu rubuta rana da lokaci da wanda ya amsa. A gwada kira kowace safiya, ko da lafiya lau ake. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
1. Me za mu yi wa eriya in hadari ya taso?
2. Waɗanne abubuwa 3 ne za mu faɗa cikin saƙo?