Yadda Ake Tsara Hanyar Keke a Bakin Gulbin Sakkwato da Wayar Hannu, Ko Babu Data

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani salon hawan keke da ya samu karɓuwa sosai, wanda suke kira gravel, wato hawa kan tsakuwa da burji maimakon kwalta. Kekensa ya yi kama da na tsere, sai dai tayarsa ta fi kauri, faɗinta kan kama daga milimita 35 zuwa 50. Babbar gasarsu, Unbound Gravel, ana yin ta a garin Emporia na jihar Kansas tun 2006, kuma tsawonta mil 200 ne. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara gasar kofin duniya ta wannan salo a Italiya a 2022. A gefen birnin Chicago kuwa, akwai dazuzzukan da hukuma ta keɓe, da hanyoyin tsakuwa da ke bin gaɓar kogin Des Plaines, inda mutane ke zuwa hawa a ranakun hutu.

Abin da su ke biyan kuɗi su nema, Sakkwato tana da shi kyauta. Hanyoyin burji, burtali tsakanin gonaki, da ƙananan hanyoyin manoman fadama a bakin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato duk suna nan. Abin da babu shi ne alamu. Ba allon da zai ce wa baƙo wannan hanyar tana ɓullewa, waccan kuma tana ƙarewa a cikin laka. Wannan giɓin ne waya za ta cike, idan an san yadda ake saita ta.

GPS ba ya cin data

Da yawa suna ɗauka cewa da zarar sabis ya ɗauke, waya ba ta san inda take ba. Ba haka ba ne. Waya tana sauraren saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, kuma da ta samu guda huɗu za ta iya lissafa wurin da take. Sauraro kawai take yi, ba ta aika komai, saboda haka ba ruwanta da layi ko data. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa har da taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin. A fili irin na fadama, inda babu dogayen gine-gine, kuskuren ba ya wuce 'yan mitoci.

Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar kanta. Idan ba a sauke ta ba, mutum zai ga shuɗin ɗigo yana yawo a kan farin allo. Don haka aikin farko tun daga gida ake yin sa.

Wace manhaja ta dace?

Google Maps ita kowa ya sani, amma a nan tana da rauni. Taswirar da aka sauke a cikinta tana ba da jagorar mota ne kawai idan babu intanet, ba ta ba da ta keke ko ta ƙafa. Tsarin babur da aka ƙaddamar a Najeriya a 2019 yana da amfani a cikin gari, amma burinsa ya kai mutum da sauri, ba ya kai shi ta hanyar da babu motoci ba.

Manhajojin da suka fi dacewa su ne masu aiki da OpenStreetMap, taswirar da masu sa kai ke zanawa tun 2004. Biyu sun isa. Organic Maps kyauta ce, ba talla, ba ta da nauyi, kuma ƙaramar waya ma tana ɗaukar ta. OsmAnd ta fi ta kayan aiki: tana iya nuna irin shimfiɗar hanya, tana ba da damar zana hanya da hannu, tana kuma naɗar tafiya. Sai dai menu ɗinta yana da yawa, sabon shiga kan ruɗe a rana ta farko. Wanda bai taɓa amfani da irinsu ba ya fara da Organic Maps. Strava da Komoot suna da kyau wajen ajiye tarihin tafiya da rabawa abokai, amma wasu muhimman ɓangarorinsu sai an biya.

A samu wifi ko a jira garaɓasar datar dare, a buɗe manhajar, a nemo Sakkwato, a sauke taswirar yankin. Daga nan a kashe data a gwada: idan sunayen unguwanni da layin gulbi sun fito, an gama da wannan.

Zana hanya: inda aikin yake

Taswirar OpenStreetMap ta cikin birni ta cika daidai gwargwado, amma da an fita wajen gari hanyoyi da dama ba su ciki. Saboda haka ana haɗawa da hoton tauraron ɗan'adam na Google Earth ko na Google Maps, kuma karanta wannan hoto fasaha ce da ake koyo. Layi ja ko mai ruwan ƙasa mai faɗi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, yawanci burji ne, kuma shi ne abin nema. Layi fari mai haske wanda ke buɗewa yana tsukewa, yashi ne ko busasshen rafi, inda taya za ta nutse a koma tura keke. Baƙin wuri ko kore mai duhu a gefen gulbi laka ce, mai tauri kamar siminti da rani, mai kama taya da damina. Sirirrin layukan da ke ratsa gonakin albasa da shinkafa kuwa kunyoyi ne da hanyoyin ruwa, ba wurin hawa ba ne, kuma manomi ba zai ji daɗin ganin sawun taya a kansu ba.

Akwai abin da ake yawan mantawa: hoton yana da kwanan wata. A Google Earth ana ganin ranar da aka ɗauke shi. Hoton watan Maris zai nuna gulbi ya zama siririn zare da faffaɗan yashi a gefe, alhali a watan Satumba wurin nan kwale-kwale ke bi. Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar a tuna musu ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har aka koma tsallakawa a jirgin ruwa. Haka kuma ruwan Rima ba sama kaɗai yake bi ba, domin idan aka saki ruwa daga madatsar Goronyo gulbi kan ƙaru ko da ba a yi ruwan sama a birni ba. Wannan babu manhajar da za ta faɗa.

Da an gane hanyar, sai a zana ta. A OsmAnd akwai sashen tsara hanya, inda ake danna ɗigo bayan ɗigo, ita kuma tana lissafa nisan. A ajiye ta a matsayin fayil ɗin GPX. GPX rubutu ne kawai mai ɗauke da jerin lambobin wuri, irin 13.06 da 5.24 da ke nuna tsakiyar Sakkwato, shi ya sa ba shi da nauyi kuma kusan kowace manhajar taswira tana buɗe shi. Ana iya tura shi ta WhatsApp kamar takarda, aboki ya buɗe a tasa wayar ya ga layin.

Ina za a fara?

Wuri mafi sauƙi ga sabon mahayi shi ne ɓangaren Kwalkwalawa zuwa Dundaye, a hanyar jami'a. Kwalta tana kusa, mutane suna kai da kawo, ga fadama hagu da dama, kuma idan keke ya lalace ba a rasa mai faci ko abin hawa. Ɓangaren yamma, ta Arkilla da Kalambaina zuwa Wamakko, yana da hanyoyin ƙauye masu gangarawa gulbi, amma babban titin yana cike da tirelolin siminti, don haka a zana hanyar yadda za a rage zama a kansa. Mai son tarihi zai iya nufar kudu ta hanyar Bodinga zuwa Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Can ƙasar ta fi tudu da tsakuwa, ba fadama ba.

Kilomita 15 zuwa 20, zuwa da dawowa, sun ishi fita ta farko. Lokacin da manhaja ke ƙiyastawa ba abin dogaro ba ne, domin ba ta san yashi ba. A ƙara rabin lokacin a kai.

Maganar daji kuma daban ce. A Amurka gandun daji wurin shaƙatawa ne, a nan ba haka lamarin yake ba. Dazuzzukan gabashin jihar, irin su Gundumi da kewayen Isa da Sabon Birni, da na Tangaza da Gudu a arewa maso yamma, suna fama da matsalar 'yan bindiga, kuma ba wurin yawon keke ba ne komai kyan da suka yi a hoto. Ko Wurno da Rabah sai an tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon. Taswira tana nuna hanya, ba ta nuna wanda ke kanta. Hawan keke na nishaɗi ya tsaya inda ake ganin gonaki da mutane, da rana, kuma ba mutum ɗaya ba.

Saitin da ke hana waya yanke naɗi

Wannan ita ce matsalar da ta fi addabar masu Tecno, Infinix da itel, da ma wasu wayoyin Android. Mutum ya kunna naɗar tafiya, ya sa waya a aljihu, ya dawo ya tarar da miƙaƙƙen layi daga gida zuwa wani wuri, kamar ya tashi sama. Dalili shi ne tsarin tattalin batir yana kashe manhajar da ke aiki a bayan fage da zarar allo ya mutu. Gyaran yana cikin saitin waya: a shiga sashen manhajoji, a zaɓi wadda ake amfani da ita, a cire mata takunkumin batir, a bar ta ta yi aiki a bayan fage, sannan a tabbatar an ba ta izinin sanin ainihin wuri, ba na kusa-kusa ba. A kuma kashe yanayin tsimin batir kafin a tashi. Gwajin minti goma a cikin unguwa zai nuna ko saitin ya kama.

Allo ne ke shanye batir, ba GPS ba. Wanda ya bar shi a kunne da cikakken haske a rana ba zai kai ko'ina ba. Gara a kashe shi, a riƙa dubawa a mararraba. Inda sabis ke da rauni ma waya tana wahala wajen neman sa, don haka yanayin jirgin sama yana tsawaita caji, kuma GPS yana ci gaba da aiki a cikinsa. Sai dai a nan akwai zaɓi: wanda ya tura wa ɗan'uwansa wurin da yake kai tsaye ta WhatsApp, wanda ke iya ɗaukar minti 15, awa 1 ko awa 8, dole ya bar data a buɗe. Tsakanin biyun, barin wani a gida yana ganin inda mutum yake ya fi muhimmanci, a riƙe ƙaramin fawa-banki ya cike giɓin.

Sai zafi. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ya yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi Sakkwato tana haura 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Wayar da aka ɗaure a kan sitiyarin keke a irin wannan rana za ta dusashe haskenta, ta daina caji, wani lokaci ta kashe kanta. Girgizar burji ma ba ta yi wa kyamara daɗi. Jakar baya ko aljihun da rana ba ta bugu ya fi mata. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne kakar wannan hawa, a fita bayan asuba a dawo kafin hantsi ya yi zafi. Ƙurar hunturu kuwa, ledar da ake zugewa ta wadatar.

Keken da ke gida ya isa

Ba sai an sayi keken gravel ba. Keken gwanjo mai giya da taya mai kauri zai yi, kuma tsofaffin kekuna irin Phoenix sun daɗe suna bin waɗannan hanyoyi da buhun albasa a baya. Abokin gaba shi ne ƙaya, musamman tsidau da ta aduwa da bagaruwa. A tafi da tiyub na ajiya, famfo da kayan faci. A rage iskar taya kaɗan idan hanyar yashi ce, a ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, kamar lita ɗaya ga kowace awa.

Kafin a wallafa tafiyar

A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da Strava ke fitarwa ta wuraren da masu amfani da ita ke yawan bi ta fallasa sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna naɗar gudunsu na motsa jiki. Haka layin mai keke yake: yana farawa daga ƙofar gida, yana ƙarewa a can, tare da ranar da lokacin fita. A kunna naɗi bayan an bar unguwa, ko a yi amfani da saitin Strava mai ɓoye farko da ƙarshen tafiya, a kuma taƙaita masu gani ga waɗanda aka sani.

Fayil ɗin da aka naɗo yana da wani amfanin. Duk mai asusu a OpenStreetMap, wanda buɗe shi kyauta ne, zai iya ɗora GPX ɗinsa, ya zana hanyar da ba ta cikin taswira, ya rubuta ko burji ce, yashi ko laka. Ƙa'idarsu ta hana kwafa daga Google, sai abin da mutum ya bi da kansa ko hotunan da shafin ya tanada. Gyaran yana shiga ma'ajiyar nan take, amma Organic Maps da OsmAnd sai sun sabunta taswirarsu kafin ya bayyana a waya, abin da kan ɗauki 'yan makonni.