Darasin Wannan Wata: Idan Babbar Mota Mai Shan Gas Ta Mutu a Hanya

Manoma da yawa sun dogara ga tsofaffin manyan motoci, irin su Mercedes 911 da Bedford, wajen kai amfanin gona kasuwa. Idan mota ta mutu a daji ɗauke da tumatir ko albasa, kaya na iya lalacewa kafin makanike ya iso. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau, mai ne kawai ba ya isa gare shi.

Yadda mai ke tafiya

Injin gas ba shi da fulogi irin na motar fetur. Yana matse iska ne har ta yi zafi sosai, sannan nozil ya fesa mai, man ya kama wuta. Mai yana tasowa daga tanki, ya bi ta bututu zuwa ƙaramin famfo mai jawo shi. Daga nan ya ratsa filta, ya shiga babban famfo, wato injekta, wanda ke tura shi zuwa nozil. Abubuwa uku ne suka fi tare wannan hanya: datti, ruwa da iska.

Alamomi

Idan mota ta rasa ƙarfi a hawa, amma tana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, galibi datti ne ya toshe filta.

Idan injin yana shaƙewa yana fitar da farin hayaƙi jim kaɗan bayan an sha mai, a zargi ruwa. Ruwa ya fi gas nauyi, saboda haka a ƙasan tanki yake kwanciya.

Idan injin ya tashi, ya yi ɗan aiki, ya sake mutuwa, mai yiwuwa iska ce ta shiga. Tana shiga idan mai ya ƙare, ko tiyo ya tsage, ko noti ya saki.

Yadda za a bincika

Da farko a ja birkin hannu, a sa waji a ƙarƙashin taya. Kada kowa ya sha taba kusa. Sannan a bi hanyar mai daga tanki zuwa gaba.

1. A auna mai da sanda mai tsabta, domin agogon mai na tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne.

2. A buɗe murfin tanki. Idan aka ji ya ja iska da ƙarfi, ƙaramar kafar numfashinsa ce ta toshe. A share ta.

3. A duba bututu da mahaɗai. Inda ya jiƙe da mai, nan ma iska ke iya shiga.

4. Wasu motocin suna da ɗan kofin gilashi a jikin ƙaramin famfo. A kwance shi, a zubar da ruwa da laka, a wanke ragarsa da gas.

5. Idan filta ta yi baƙi ta cushe, a sa sabuwa.

Fitar da iska

Duk lokacin da aka kwance filta ko bututu, dole a fitar da iska. A sassauta ɗan notin da ke saman filta. A riƙa danna famfon hannu. Mai zai fito da kumfa. A ci gaba har kumfa ta ƙare, sannan a ɗaure notin. A yi haka a jikin injekta. Idan injin ya ƙi tashi, a sassauta notin bututu guda biyu a bakin nozil, a buga sitata har mai ya ɓullo, a ɗaure. Kada a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 15 a lokaci guda, don kada batir ya mutu.

Gargaɗi

Kada a kai hannu kusa da bututun nozil injin yana juyawa. Ƙarfin man yana iya huda fata, kuma wanda hakan ta same shi sai a kai shi asibiti nan take. Kada a buɗe cikin injekta a bakin hanya. Wannan aikin gwani ne mai na'urar gwaji, kuma ƙwayar yashi ɗaya na iya ɓata shi.

Rigakafi ya fi magani

Araha ba ta ado. Man 'yan bumburutu sau da yawa yana da ruwa ko kananzir, kananzir kuwa ba shi da santsin gas, yana cinye injekta. Idan a duro aka sayi mai, a bar shi ya kwana ya kwanta, kuma kada a ɗebi na ƙasa. A cika tanki da yamma, domin tanki mai sarari yana yin gumi cikin sanyin dare. Direba mai hankali ba ya tafiya sai da filta sabuwa, da sifana, da guntun tiyo.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke tare hanyar mai?
2. Me ya sa ruwa ke kwanciya a ƙasan tanki?
3. Wane sashe ne ba a buɗewa a bakin hanya?