Tafkin Tiga da Fadamun Haɗeja

Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya gangaro ƙasar Bebeji. Nan aka datse shi a Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwa ya taru ya zama babban tafki. Masunta suna kamun kifi a ciki, manoman Kura kuwa suna noman rani da shi.

Ruwan da aka saki yakan haɗu da Kogin Challawa, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ragowar ta nufi Tafkin Chadi. In aka tsare ruwa da yawa a Tiga, fadamun nan sukan ƙafe, shinkafa ta lalace, shanu su rasa ciyawa. Saboda haka wajibi ne a raba ruwan bisa adalci.