Kafin ka karɓi makullin gidan haya a Kano

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini cewa da zarar an kawar da amfanin gona za ka koma Kano, tunda ubangidanka na kasuwar Dawanau ya sake nemanka. Allah Ya sa alheri ne ya kira ka. Ba ni da ta cewa a kan tafiyar, don masarar da ake aunawa a nan Bakori da Funtua da Dandume mai yawa can take ƙarewa, kuma wanda ya san hatsi tun daga gona ba ya rasa abin yi a Dawanau. Maganar wurin zama ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na ji kana lissafin haya da farashin da ka baro a 2020, shekarar da kullen korona ya dawo da kai gida.

Wancan lissafin ka ajiye shi gefe. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Siminti da rodi da kwanon rufi duk suka bi sahu, masu gidaje kuma suka juyo kan 'yan haya. Ko nan kusa da mu ka ga abin da ya faru da Funtua: mutanen da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume, har da wasu namu, sun cika gari, ɗakin da a da ake roƙon mutum ya zauna don kada ya rushe yanzu sai da kamun ƙafa. To ina ga Kano, inda kowa ke kwarara?

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kuɗin da dillali zai faɗa maka wani yanki ne kawai na abin da gidan zai ci. Sauran yana ɓoye a kuɗin mota da na ruwa da na wuta, kuma su kullum ake biyansu, shi ya sa ba a jin zafinsu sai shekara ta zagayo mutum ya rasa inda kuɗinsa suka shige.

Fara da nisa. Dawanau tana kan hanyar Katsina, saboda haka nemanka ya tsaya a wannan ɓangaren: Bachirawa, Rijiyar Lemo, Kurna, Miltara, ko cikin garin Dawanau ɗin kansa. Na san ranka zai fi kwanta maka da wajen Janguza ko Rijiyar Zaki, don nan ne motar da ta taso daga Malumfashi ta biyo ta Gwarzo take fara sauke mu, sai mutum ya ji kamar ƙafarsa ɗaya tana gida. Wani kuma zai ce maka akwai gida mai sauƙi a Mariri ko Panshekara. Ɗauki takarda ka buga. A ce zuwa da dawowa naira 1,000 kake kashewa a A Daidaita Sahu, kana fita kwana 26 a wata. A shekara ka ba masu babur mai ƙafa uku naira 312,000, ban da ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi a nemi asibiti. Ka tuna tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin, don haka babu wata hanya mai arha da za ka ce za ka laɓe a bayanta. Gidan da ya ɗan fi tsada amma kana iya takawa da ƙafa ko ka hau keke zuwa rumfa, sau da yawa shi ne mai arhar.

Sai ruwa, wanda a nan nake so ka fi buɗe ido, don mu mutanen karkara shi ne abin da muke mantawa ana saye. A unguwanni da yawa na Kano famfo ado ne kawai a bango, 'yan garuwa ne ke shayar da jama'a. Idan an kai ka gida aka nuna maka rijiya, kada ka tsaya ga leƙawa. Jawo gugar da hannunka ka ga tsawon igiyar, ka duba ko an yi mata ƙari da ɗauri biyu ko uku, don igiyar da aka yi ta ƙarawa tana gaya maka inda ruwan yake gudu a watan Maris da Afrilu. Ka ɗanɗana ruwan, ka kuma auna da idonka tazarar da ke tsakanin rijiyar da masai. Sannan ka koma unguwar kai kaɗai da sassafe, bayan an fito sallar asuba, ka tsaya a bakin layi. Idan ka ga kurar 'yan garuwa tana bin wata, yara kuma sun yi jerin gwano da bokitai a ƙofar mai rijiyar burtsatse, ka tambayi nawa ake sayar da jarka. Ka ninka da abin da gida mai mace da yara yake sha da wanki da girki a rana, ka ɗora a kan kuɗin hayar.

Matsalar neman gida da kaka ita ce komai yana da kyau a lokacin. Ƙasa ta bushe, kwata ta lafa, kududdufi ya ja baya. Gidan da za ka gani a Disamba ba shi ne za ka zauna a cikinsa a Agusta ba. Amma damina ba ta tafiya ba ta bar sawu ba. Dubi gindin bango daga waje: idan akwai wani layi da ya raba launin ƙasa da na sama, nan ruwa ya tsaya. Idan ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu har sai an ɗaga ƙafa kafin a shiga, ba don kwalliya aka yi ba. Ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, kuma ka yi hattara da ɗakin da aka shafa wa sabon fenti a bango ɗaya kawai. Mai shayin bakin layi da ladanin masallacin unguwa za su gaya maka gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba, muddin ka zauna ka sha shayin, ba ka yi tambayar a tsaye ba.

Wuta ba sai na tsawaita ba. Kamfanin KEDCO da ke ba mu wuta a nan shi ne a can. Ka tambaya ko mita mai kati ce ko bil ake kawowa, ko akwai tsohon bashi a kan gidan, da kuma yadda ake raba kuɗin idan gidan yawa ne. Ka tambayi rukunin da layin yake, don tun Afrilun 2024 'yan rukunin A suna biyan ninkin abin da sauran ke biya har da ɗoriya.

Dillali kuwa sana'arsa yake yi, kuma akwai na kirki a cikinsu. La'adarsa bisa al'ada kashi goma ce cikin ɗari na kuɗin hayar, wasu kuma sai ka ba su na mai kafin su tashi su nuna maka ko ɗaki ɗaya. Ku yi magana a kan wannan tun kafin ku fita. Amma kafin ka je wurinsa, fara da mutanenmu. Dawanau cike take da 'yan Bakori da Danja da Kafur da Malumfashi, daga masu shaguna har masu dako, kuma ɗakin kirki mai sauƙi ba kasafai yake kaiwa hannun dillali ba. Wanda zai tashi yakan raɗa wa ɗan'uwansa tun kafin mai gida ya sanar. Ban da haka, a wannan zamani mai gida da mai unguwa suna son sanin wanda zai shigo musu, kuma da zarar ka ce daga kudancin Katsina kake, wani zai ƙara dubanka. Kada ka ji haushi, halin da ƙasa ta shiga ne. Ka tafi da ubangidanka ko wani dattijo da aka sani ya tsaya maka, ka kai gaisuwa wurin mai unguwa da kanka. Zuwa da kai ya fi aike.

Hotunan gidaje da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp ka kalla don sanin farashi, amma ko kafin alƙalami kada ka tura wa wanda ba ka gani ba a kan gidan da ba ka shiga ba. An sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya. Kuɗinka ya shiga hannun mai gida ko wakilin da shi da bakinsa ya nuna maka, a gaban shaidu. Ka kuma bincika ko gidan gado ne, don irinsu suna da yawa kuma sukan yi arha saboda dalili. Wannan magaji ya ba ka haya, wancan ya zo ya ce bai sani ba, kafin ka ankara an sa gidan a kasuwa don a raba kuɗi.

A rubuta komai. Mutanenmu suna jin nauyin neman takarda, wai kamar rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takardar ta faɗi nawa ka biya, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai gyara rufi, wa zai biya kwasar masai, kuma idan kai ka yi gyara da kuɗinka za a cire maka a haya ko a'a. Ka karɓi rasit ka adana. A dokar mafi yawan jihohin ƙasar nan, idan ba a rubuta wani sharaɗi daban ba, mai biyan hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Ba don ka yi shari'a da kowa na faɗa maka ba. Wanda ya san haƙƙinsa yakan yi magana a natse.

Yanzu ga abin da ɗan birni ba zai gaya maka ba, don shi ba shi da gona. Watan da ka fara biyan haya, shi ne watan da za a riƙa ƙwanƙwasa maka ƙofa duk shekara. Idan ka kama gida a Mayu ko Yuni, kuɗin haya da kuɗin taki da na huɗa za su riƙa haɗuwa a kanka lokaci guda, rumbu kuma ya yi ƙasa. Idan ka kama a Disamba ko Janairu, duk sanda mai gida ya aiko, masara da waken suya suna ɗaki, kana iya fitar da 'yan buhuna ka rufe bakinsa. Ko da wata biyu za ka yi kana kwana a shagon ubangidanka don ranar ta faɗo daidai, ka daure ka yi. Sai dai kada ka jingina hayar gaba ɗaya da tsammanin hatsi zai yi tsada. Ka ga abin da ya sami waɗanda suka ɓoye kaya a 2025, farashi ya karye a hannunsu. Ka riƙa ware wani abu duk wata daga abin da kake samu a kasuwa, ko ka shiga adashi da mutanen da ka yarda da su, gona ta zama mai cike giɓi.

Gonar kuwa, wadda mahaifinku ya bar muku, na ji wani ya fara yi maka maganar ka sayar da rabonka ka kama gida mai kyau, ciki da falo da banɗaki a ciki, don kada a raina ka. Wannan ita ce kaɗai maganar da zan ɗaga murya a kanta. Kuɗin haya shekara ɗaya suke yi su ƙare, gona kuma idan ta fita hannu a ƙasar Bakori da wuya ta dawo. Ko jingina ban yarda ba. Ka bar ta a hannun ƙanenka ya noma, ku yi yarjejeniya a kan rabon amfani. Buhun masara da na dawa da za a ɗora maka a mota daga nan ya rage maka cefanen da maƙwabcinka yake yi da tsabar kuɗi, kuma da wannan ragin ne za ka iya zama a inda shi yake kuka. Idan ɗaki ɗaya da rumfa ƙarfinka ya kai a bana, shiga abinka. Wanda zai raina ka saboda ɗaki ba shi zai biya maka ba.

Kada ka manta da matarka. Kai da safe za ka fice sai dare, ita ce za ta wuni da gidan da mutanen cikinsa. A gidan yawa murhu da igiyar shanya da layin banɗaki da faɗan yara su ne ke hana zama, kuma namiji ba ya ganin waɗannan idan ya je duba gida. In da hali, kafin ka biya ta zo ta gani, ko ka roƙi gwaggonka da ke aure a can ta shiga ta gaisa da matan gidan. Abin da za ta gano a zama ɗaya kai ba za ka gano shi a wata ba. Ta duba nisan makarantar boko da Islamiyya, da injin niƙa, da inda ake zubar da shara.

Ka fara yin gaba kai kaɗai, iyali su zauna a nan wurin mahaifiyarka har makulli da rasit su shiga aljihunka. Idan an rubuta takardar yarjejeniyar, kafin ka sa hannu ka ɗauki hotonta ka turo ta wayar ƙanenka in duba. Allah Ya haɗa ka da mai gida mai tsoron Allah da maƙwabta nagari, Ya yi maka albarka.